SSD sabo fil amma kwamfuta ta ƙi ganinsa, wa ya taɓa cin karo da wannan?

Laouali_SabonGari:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Don Allah masu sanin kan kwamfuta ku taimaka min. Ina da ɗan shago nan Sabon Gari inda nake buga wa ɗalibai memwar, wato kundin kammala karatu, da sauran takardu, kwamfutata HP ce ta hannu, ta ɗan kwana biyu, disk dur ɗin da ke ciki ya yi nauyi sosai, in na kunna ta da safe sai na share shago na gama kafin Word ya buɗe. Shi ne na ba wani ɗan uwa da ya je Kano kuɗi ya sayo min SSD, wato sabon irin disk ɗin nan mai sauri, mai giga 256, irin siririn nan mai kama da ƙaramar rula. Na buɗe bayan kwamfutar na ga ramin da ake sa shi, na zura na ɗaure kusar, na kunna. Windows ta tashi lafiya daga tsohon disk amma in na shiga Ce PC, inda Windows ke jera disk ɗin kwamfuta, ba komai sabo, C ɗin nan ne shi kaɗai. Na kashe na kunna ya fi sau biyar. Jaka goma sha bakwai na kashe a kansa kuma lokacin sutnans, wato kare memwar a gaban malamai, ya matso, aiki ya yi min yawa. Ya zan yi?

Moutari227:
Wa alaikumus salam. Jabu aka sayo maka malam, kasuwa ta cika da su yanzu. Ka mayar tun da wuri kafin mai shi ya ce bai san zancen ba.

Rabiou_Gyara:
Moutari a yi haƙuri, kar mu yanke hukunci tun ba mu ji komai ba. Malam Laouali sabon SSD ko na gaske ne ba ya fitowa a Ce PC kai tsaye, don ba a raba shi ba, ba a ba shi harafi ba, kamar fili ne da ba a yanka ba. Ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta diskmgmt.msc ka danna Entrée, Gestion des disques zai buɗe. In kwamfutar na ganinsa, ko dai wata ƴar taga ta fito tana cewa Initialiser le disque, ko ka ga wani layi a ƙasa mai baƙin zane an rubuta Non alloué. In ka ga haka ka zaɓi GPT, sannan ka danna dama a kan baƙin wurin ka ɗauki Nouveau volume simple, ka bi shi har ƙarshe. Minti biyu ne aikin. Ka duba ka gaya mana abin da ka gani.

Laouali_SabonGari:
Na gode injiniya. Na buɗe yanzu, Disque 0 kaɗai nake gani, shi ne tsohon mai giga 500, sai CD-ROM a ƙasansa. Ba taga da ta fito, ba baƙin zane.

Rabiou_Gyara:
To an rage hanya. Tunda Gestion des disques bai gan shi ba, sai mu sauka ƙasa da Windows. Kashe ta gaba ɗaya, ka kunna kana danna Esc a jere, sannan F10, shi ne hanyar BIOS a HP, wato shafin saitin na'urar tun kafin Windows ta tashi. Ka nemi inda ake jera disk ɗin da ke cikin na'ura ko jerin abin da za ta tashi da shi. In sunan SSD ɗin na nan, matsalar ta Windows ce kuma mai sauƙi ce. In babu shi a can ma, to magana ta koma kan ƙarfe, ko zamansa a ramin, ko irinsa, ko shi kansa.

Sanoussi_Mirriah:
Ni ma haka ta same ni bara, ashe bai shiga ramin sosai ba. Abin nan a karkace ake zura shi, ba a kwance ba, ka tura har zinaren bakinsa ya ɓace gaba ɗaya sannan ka danne shi ƙasa ka ɗaure kusa. Ni da na sa nawa rabin zinaren na waje kuma kusar ta ɗauru, shi ya sa na zaci ya zauna. Ka cire sharja da batiri tukuna kafin ka taɓa.

Laouali_SabonGari:
Na shiga BIOS, tsohon disk kaɗai ke ciki. Na cire na sake zurawa yadda Sanoussi ya ce, har na ji ya zauna daram, na sake dubawa, shiru.

Moutari227:
Ba na gaya muku ba.

Abdoul_Aziz_Info:
Tsaya Moutari. Malam Laouali ka ciro shi ka duba bakinsa, wurin zinaren nan, tsaga nawa ka gani, ɗaya ko biyu? Kuma ka karanto mana abin da ke jikin takardar da aka manna masa, ko akwai NVMe ko PCIe ko SATA a rubuce.

Laouali_SabonGari:
Tsaga ɗaya ce, can gefe. A jiki an rubuta M.2 2280 NVMe PCIe 256GB.

Abdoul_Aziz_Info:
Yawwa, nan nake zargi tun farko. M.2 sunan siffar ce kawai, ba sunan yaren da yake magana da shi ba. Lambar 2280 ma awo ne, faɗi milimita 22 tsawo milimita 80. A cikin wannan siffa ɗaya akwai iri biyu, akwai mai bin hanyar SATA irin ta tsohon disk, wanda gudunsa ke tsayawa wajen mega 550 a sakan, akwai kuma NVMe mai bin hanyar PCIe wanda ya ninka wancan sau da yawa. Kwamfutoci da dama na shekarun baya suna da ramin M.2 amma wayoyin SATA kaɗai aka ja zuwa ramin, to ka sa musu NVMe zai shiga lafiya lau, kusa ta ɗauru, amma allon uwa ba zai taɓa jin motsinsa ba, ko a BIOS ba zai fito ba. Alamomin da ka faɗa duka sun yi daidai da wannan. Ka juya kwamfutar ka karanto mana cikakken model ɗinta, sai a nemo littafinta a intanet a ga me ramin yake ɗauka.

Issoufou_Tanout:
Ƙa'idar mai sauƙi ce, tsaga biyu SATA, tsaga ɗaya NVMe. Shi ke nan.

Abdoul_Aziz_Info:
Yawanci haka ne Issoufou amma ba kullum ba. Akwai NVMe masu tsaga biyu, na riƙe su da hannuna, musamman ƙanana masu arha da ke zuwa a cikin wasu kwamfutoci. Shi ya sa nake cewa a karanta rubutun jiki, kar a dogara da ido kawai. Kuma akwai mSATA, shi wani abu ne daban, ya fi faɗi ya fi gajarta, mutane na rikita shi da M.2 su sayo abin da ko shiga ba zai yi ba.

Hadiza_Birni:
Salamu alaikum, ku gafarce ni na shigo cikin maganar Malam Laouali amma tawa ta yi kama da tashi kuma hankalina a tashe yake. Ni SSD ɗin ba sabo ba ne, shekara biyu ina aiki da shi, Windows ma a kansa take. Batirin kwamfutar ya mutu tun tuni, sai da kuran take aiki. Shekaranjiya da dare ina cikin gyaran babi na uku na memwar ɗina aka ɗauke wuta, ta mutu nan take. Da aka dawo da wutar na kunna sai baƙin ekran da rubutu wai ba ta sami abin da za ta tashi da shi ba. Wani yaro a unguwarmu ya ce in kawo ya yi min formate ya sa sabuwar Windows. Memwar ɗin duka yana ciki, babi na ɗaya kaɗai na taɓa tura wa malamina ta WhatsApp.

Rabiou_Gyara:
Malama Hadiza don girman Allah kar ki ba kowa ya yi formate. Kar ki bari a sa Windows a kai, kar a danna Initialiser ko da taga ta fito tana roƙo, kar a rubuta komai a kansa. Abin da na gaya wa Malam Laouali a sama na sabon disk ne wanda ba komai a ciki, ke naki akasin haka ne. SSD ba kamar tsohon disk dur ba ne da ake iya tono abin da aka goge bayan wata guda, shi yana da wani tsari da ake kira TRIM, da zarar an gaya masa wuri ya zama fanko sai ya share shi da gaske, kuma in ya share ya tafi. Abu na farko ki shiga BIOS ki ga ko sunansa na nan, kuma ki duba kwanan wata da agogon da BIOS ɗin ke nunawa.

Hadiza_Birni:
Me ya haɗa agogo da wannan kuma yaya?

Rabiou_Gyara:
Akwai ɗan batiri kamar kwabo a kan allon uwa, sau da yawa CR2032 ne, shi ke riƙe saitin BIOS in babu wuta. In ya mutu, kuma ga babban batirin ya mutu, ana ɗauke wuta sai saitin ya koma na asali, kwanan wata ya koma shekarun baya. To in da Windows ɗinki a UEFI aka sa ta sai saitin ya koma Legacy, ko daga AHCI ya koma RAID, duka zaɓi ne a cikin saitin BIOS, sai kwamfutar ta ƙi tashi alhali disk ɗin lafiyarsa ƙalau. Na gyara irin wannan ba adadi ba tare da na taɓa disk ba. In kika ga kwanan watan ya birkice, ki yi hamdala, akwai fata babba.

Maman_Sani_Zgo:
Allah ya sa haka ne. Amma gaskiya ɗaukewar wuta na kashe SSD da kansa ma. Nawa haka ya yi, bayan wuta ta yi wasa sau uku a dare ɗaya sai BIOS ya daina nuna sunansa na gaskiya, ya koma nuna SATAFIRM S11. Na yi yawo da shi wajen masu gyara uku, kowa ya ce ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da shi ce ta rikice, ana iya farfaɗo da shi amma abin ciki ba zai dawo ba. Hotunan bikin ƙanwata duka a nan suka tafi, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Hadiza in kin ga wannan sunan ko kin ga girman disk ɗin ya koma wani ɗan ƙaramin abu, ki kashe ki ajiye, ki nemi wanda ya san aikin sosai.

Abdoul_Aziz_Info:
Akwai wata dabara da ba ta ɓata komai, ana gwada ta in SSD ya ɓace bayan ɗaukewar wuta. Ki kunna ki shiga BIOS ki bar ta a nan kamar minti talatin ba tare da kin taɓa komai ba, sannan ki kashe ki cire waya na ɗan lokaci, ki sake yi sau ɗaya ko biyu. Dalili shi ne disk ɗin yana samun wuta ba wanda ke damunsa da tambaya, sai ya samu sarari ya gyara taswirarsa ta ciki. Ba kullum take ci ba amma na ga ta ci. Sai dai ki yi a inda wuta ba za ta yanke a tsakiya ba, wajen mai sola ko mai ondilar, na'urar nan da ke riƙe wuta in an ɗauke, ko ki ari batiri mai rai.

Moutari227:
Ni dai maganar jabu ban janye ba. Watan jiya abokina ya sayi wani wai tera ɗaya a kuɗin da ko 256 ba za a ba ka ba, kwamfuta ta nuna tera ɗaya cif, ya zuba finafinai da darussa, da ya wuce wani mizani duk abin da ya ƙara sai ya ƙi buɗewa. Muka fasa kwalin muka tarar da ɗan katin memori manne da gam da wani guntun ƙarfe don ya yi nauyi a hannu.

Rabiou_Gyara:
Wannan gaskiya ne Moutari, akwai su, ba wanda ya musa. Maganinsu H2testw, ƴar manhaja ce kyauta, tana cika disk ɗin da bayanai ta sake karantawa ta gaya maka girmansa na gaskiya, sai dai a yi tun yana fanko. Amma ka lura, irin wannan jabun yana fitowa a kwamfuta, ƙarya kawai yake yi kan girmansa. Na Malam Laouali ko fitowa bai yi ba. Kuma tunda an zo nan bari in faɗa, in kun sayi 256 kuka ga Windows ta nuna 238, ko 512 ya nuna 476, ko tera ɗaya ya nuna 931, ba cuta ba ce, masu ƙerawa da dubu suke lissafi Windows kuma da 1024. Na sha ganin mutum ya koma yana faɗa da mai shago a kan wannan.

Nafissa_Compta:
Ni tambayata daban ce kaɗan. Sabuwar kwamfuta ofishinmu ya saya, muka zo sa Windows daga kile USB, da aka kai wurin zaɓen disk sai fanko, ba ko ɗaya, alhali BIOS na nuna shi. Wannan fa?

Abdoul_Aziz_Info:
Hajiya Nafissa wannan sananne ne a kwamfutoci masu Intel ƙarni na 11 zuwa sama. Akwai wani abu da ake kira VMD da ke tsaye tsakanin disk da Windows, kuma kilen da kuka yi bai da direbansa. Hanya biyu ce, ko ku sauke direban Intel RST daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar ku zuba a kilen, in kun kai wurin sai ku danna Charger un pilote ku nuna masa, ko ku shiga BIOS ku kashe VMD in akwai wurin kashewa. Amma wanda Windows ɗinsa ke aiki ya bar wannan saitin yadda yake, in ya canza zai gamu da shuɗin ekran. Masu son Windows 7 har yanzu su ma su sani ita ba ta san NVMe ba sai an ƙara mata gyara, daga 8.1 ne abin ya zo a ciki.

Harouna_Magaria:
Ku buɗe cmd, baƙar tagar rubuta umarni ta Windows, ku rubuta diskpart, list disk, select disk, clean. Yana gyara komai.

Rabiou_Gyara:
Harouna don Allah a riƙa faɗin abu da sharaɗinsa, akwai mai memwar a cikin zancen nan. Clean yana share teburin rabon disk ne gaba ɗaya kuma ba ya tambayar ka ko ka tabbata. Ka kuskure lamba ɗaya ka zaɓi disk 0 maimakon disk 1, ka share Windows ɗinka da aikinka. Yana da amfani ga disk ɗin da ba ka buƙatar abin cikinsa, amma disk ɗin da BIOS bai gani ba diskpart ma ba zai gan shi ba, don haka ba abin da zai yi wa Malam Laouali, Hadiza kuma ta yi nesa da shi.

Laouali_SabonGari:
Ƴan uwa ga inda aka kwana. Bayan la'asar na je wajen wani mai gyara kusa da Kasuwar Dole, yana da ɗan akwatin nan na USB da ake zura M.2 a ciki. Ya fara sa shi a wani akwatin bai fito ba, gabana ya faɗi, sai ya ce tsaya wannan na SATA ne, ya ɗauko wani na NVMe ya sa, nan take taga ta fito Initialiser le disque, 238 kamar yadda injiniya Rabiou ya faɗa. Muka zuba fayil muka buɗe lafiya. Kenan disk ɗin na da rai. Model ɗin kuma takardar ƙasan kwamfutar ta goge, ba a karanta komai.

Abdoul_Aziz_Info:
Alhamdulillahi. Model ɗin danna Fn da Esc a cikin Windows, ko ka rubuta msinfo32 a wurin da ka rubuta diskmgmt.msc da farko, zai nuna maka. In ta tabbata ramin SATA ne kaɗai, ni shawarata ka yi musanya da M.2 SATA, ko ma ka cire tsohon disk ɗin ka sa SSD mai inci 2.5 a gurbinsa, wannan ba ya ƙin kowace kwamfuta mai SATA. Don buga Word da PDF ba za ka ji bambanci tsakaninsa da NVMe ba, tashi daga disk dur zuwa kowane irin SSD shi ne babban tsallen.

Issoufou_Tanout:
Ko ya sabunta BIOS, wasu sai an sabunta suke ganin NVMe.

Maman_Sani_Zgo:
Sabunta BIOS a garin nan da wutar da muke gani? In ta yanke a tsakiya kwamfutar gaba ɗaya ta zama dutse, kuma da ita mutumin nan yake ci da iyalinsa. In dole ne sai batiri cike da sharja a jiki. Kuma in wayoyin ba su je ramin ba, ba sabuntawar da za ta ja su.

Sanoussi_Mirriah:
Ni har yanzu ban cire ƙura daga lissafi ba. Ramin da ya shekara biyar a buɗe ba komai a ciki, ga hunturun Damagaram, ku buɗe kowace kwamfuta a nan ku ga jan ƙasar da ke kan fanka. Kafin ya kashe wani kuɗin ya hure ramin da ɗan famfon iska, ya goge zinaren da tsumma mai tsabta da ɗan alkol, ya bari ya bushe ya gwada. Kuma ya tabbata ba ramin katin rezo ya sa shi ba, wasu kwamfutocin suna da rami na biyu mai kama da shi wanda na modem ne.

Laouali_SabonGari:
Zan gwada gogewar daren nan in an rufe shago. Mai gyaran ya ce zai karɓi nawa ya ba ni mai inci 2.5 mai giga 256 amma wanda aka taɓa aiki da shi, in ƙara jaka biyu. Ban amsa ba tukuna, ban san ko cinikin ya yi ba.

Rabiou_Gyara:
Sabo za ka bayar ka karɓi tsoho kuma ka yi ciko? A'a malam, ka sake magana da shi. In ma za ka karɓa, a buɗe CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar disk, a gabanka ka ga kashi nawa na lafiyarsa ya rage da awa nawa ya yi yana aiki, in ya nuna rawaya ka bar masa kayansa. Ka duba zafinsa ma, yawancinsu an yi su ne su yi aiki har zuwa digiri 70, mu kuma watan Afrilu inuwa kanta tana wuce 40, kwamfuta a kan katifa ba ta da wuyar kaiwa can.

Hadiza_Birni:
Na shiga BIOS a gidan yayata, su suna da sola. Kwanan watan daidai yake, bai koma baya ba. A wurin disk an rubuta babu komai. Na bar ta minti talatin na kashe na sake, yanzu ina zagaye na biyu. In bai fito ba gobe da safe zan kai wa mai akwatin USB ɗin nan da Malam Laouali ya faɗa, amma zan tsaya a kansa kar ya danna komai. Malam Laouali ta wace ƙofar kasuwar shagon yake, kuma ƙarfe nawa yake buɗewa?